Da Sunana Aka Shiga

Litinin, 8 ga Satumba

An dakatar da ni daga aiki. Na rubuta na sake karantawa, har yanzu ji nake kamar labarin wata ne.

Da safe ko farar rigata ban gama sakawa ba Manaja ya aiko a kira ni. Na tarar da shi tare da matar nan mai kula da kwamfutocinmu, wadda muke kira Madam Makulli don ba ta da zance sai ku canja kalmar sirri, ku rufe kaza, ku kulle kaza. Ya turo min takarda ko kallona bai yi ba. Wai wani mutum da muka yi wa gwajin jini ne ya kawo ƙara. Hoton sakamakonsa yana ta yawo a wayoyin danginsa tun kafin shi kansa ya zo ya karɓa. Matarsa ta kwashe yara ta koma gidansu. Abin da ke cikin sakamakon ko a nan ba zan rubuta ba.

Na ce to ni mene ne nawa a ciki? Makulli ta juyo min da fuskar kwamfutarta. Ga sunana ɓaro-ɓaro. Ranar Alhamis da ta wuce, bayan la'asar, an shiga manhajarmu da asusuna an buɗe sakamakon mutumin.

Ranar Alhamis ina gida! Hutuna ne! Wanki nake yi!

Manaja ya ce, "Malama, kwamiti zai zauna. Kafin nan ki je gida ki huta." In huta. In kwamiti ya ɗora min laifin nan ba aikin kawai zan rasa ba, hukumar da ke ba mu lasisi za a rubuta wa ta ƙwace nawa. Babu ɗakin gwajin da zai ƙara bari in taɓa ko kwalbar fitsari.

Talata, 9 ga Satumba

Bari in rubuta yadda abin yake, ko zuciyata ta ɗan sauka.

Tun da aka daina rubuta sakamako a takarda aka koma manhajar nan, bayananmu ba sa cikin kwamfutocin ofis. Suna can a ajiye a na'urorin wani kamfani, wai gajimare suke ce wa wurin, ta intanet ake shiga. Mai babban asusu ne kaɗai zai iya buɗe sakamako ya sake shi ga likita. A ɗakinmu ni ce babba, ni kaɗai aka buɗe wa. Tun a lokacin na ce wa Manaja, ranar da ba na nan fa? Ya ce kamfanin kowane kai da kuɗinsa, shi ba zai ƙara ba. "Ku yi amfani da na Malama, ai duk ɗaya ne." Da bakinsa ya faɗa, yana jingine da firijin samfura yana sakace haƙori.

Shi ke nan kalmar sirrina ta zama kamar cokalin shayin ofis, kowa ya zo ya ɗauka. Masu aikin safe sun santa, masu aikin yamma sun santa. Da Makulli ta zo ta ƙara wani mataki, wai duk wanda ya sa kalmar sai wayata ta yi ƙara ta tambaye ni ko ni ce, in danna eh ko a'a, sai wahalar ta dawo kaina. Ina girki wayar tana kuka, ina kasuwa tana kuka. In ina banɗaki maigidana ne ke danna min. Wai ina hutu, alhali babban yatsana yana ofis. Ba wanda ya taɓa ce min sannu.

Na san wadda ta shiga ranar Alhamis. Wushirya ce. Ina tsakiyar wanki ta kira, "Yaya, danna min, likita yana jira." Na goge kumfa a zani na danna.

Yarinyar da ni na koya wa neman jijiya. Kwano ɗaya muke ci da rana. Ranar da ta haihu ni na riƙe mata hannu. Ban faɗa musu sunanta ba, kuma ba zan faɗa ba. Da ƙafarta za ta je ta yi bayani, na santa.

Laraba, 10 ga Satumba

Wushirya ba ta kira ba.

Juma'a, 12 ga Satumba

Na kira ta ba ta ɗaga ba. Na sake kira ta kashe.

A zauren ma'aikata na waya, inda kullum ake cika mu da hotunan yara da gaisuwar safe, tsit kake ji. Ɗaya ce ta turo, "Allah ya fitar da ke, Anti." Ya fitar da ni daga ina? Wa ya jefa ni? Ita ma wannan ɗin ba na iya tuna sau nawa ta tashe ni daga barcin rana don in danna mata.

Maigidana ya ce in je in faɗi sunan kawai a wuce wurin. Na ce ba ka san aikinmu ba. Ya ce ya san dai ni ce zaune a gida, su suna can suna cin abincin rana. Na yi masa tsawa, abin da ba na yi a gaban yara. Ya ɗauki hularsa ya fita. Haushin ma shi ne bai faɗi ƙarya ba.

Na wanke kicin har bayan firiji. Haushin ko kaɗan bai ragu ba.

Asabar, 13 ga Satumba

Wushirya ta zo. Da goyonta, ido ya kumbura, ta zauna a bakin kujera kamar baƙuwa. Yarinyar ta miƙo min hannu na karɓe ta, ita ba ruwanta.

Ta ce eh ita ta shiga, amma ta bar kwamfutar a buɗe ta tafi salla, ba ta san wanda ya zo bayanta ba. Na ce to ki je ki faɗa musu haka. Sai kuka. Wai ita aikin kwantiragi take, kallon banza kaɗai ya isa a sallame ta. Wai mijinta tun da aka rufe masana'antarsu yana gida. Duk na sani, ba sai ta gaya min ba.

Sai ta ce, "Yaya, ke fa babba ce. Ke ba za su kore ki ba, gargaɗi kawai za su yi miki."

Iye! Ashe har an zauna an yi min lissafi. An auna an ga bayana ya fi faɗi, ni ya dace in ɗauka. Na ce wa ya gaya miki haka? Na san a ɗakin shayi aka yanke wannan hukuncin, su duka, suna kurɓar shayin da ni nake sayo sukarinsa.

Ban raka ta ko bakin ƙofa ba. Amma na ce zan ƙara jira, ban san me ya sa na faɗa ba.

Litinin, 15 ga Satumba

Na je wajen Manaja in tuna masa maganarsa.

Mutumin nan ya dube ni cikin ido ya ce, "Ni? Ni na ce a raba kalmar sirri? Malama, ki ji tsoron Allah." Ni zan ji tsoron Allah! Ya jawo durowa ya fito da takardar da muka sa wa hannu ranar da aka buɗe asusun, wadda ke cewa mai asusu ba zai ba kowa kalmarsa ba. Shi ya miƙo min biro ranar, yana cewa ki sa kawai, al'adar kamfani ce. Yau kuma ya ce in na kuskura na faɗa wa kwamiti wasu suna shiga da nawa, kaina na ƙara wa laifi. Wai shawara yake ba ni a matsayin ɗan'uwa.

Da ban fito ba da na kifa masa kwandon shara a ka, wallahi.

A baranda Makulli ta tare ni. Ta ce ita ta ga an shiga ne daga kwamfutar bencin jini, inda muke ɗibar jini, kuma wayar da ta amsa tana waje, ba a cikin ginin ba. Wannan za ta iya nunawa. Amma wanda ya zauna a kujerar, na'ura ba ta da ido. Kwamiti zai iya cewa ni na sa wani ya buɗe min. "Ki faɗi suna, Malama."

Na ce ke kika kawo mana wannan masifar, da can da takarda muke aiki ba wanda ya mutu. Ta ce da can ma ana leƙa takardar mutane, ba a dai san wanda ya leƙa ba. Ta ce ta sha rubuta wa Manaja a buɗe wa kowa nasa, yana cewa sai sabuwar shekara. Na ce to ki je ki jira sabuwar shekarar, na wuce. Mace sai ka ce sanda, ko murmushi ba ta iya ba.

Laraba, 17 ga Satumba

Yau na gan shi.

Na kai amsar takardar tuhuma. Ina fitowa ta wurin bencin jira sai na ji mai shara tana raɗa, "Ita ce waccan." Wani mutum ya miƙe. Siriri, rigarsa a goge, takalminsa fes, irin mutanen da ba sa son a san suna cikin damuwa. Na shirya wa zagi, na ma fi son ya zage ni.

Bai zage ni ba. Cewa ya yi, "Baiwar Allah, me na yi miki?"

Na ce ba ni ba ce. Ya ce an ce masa sunana ne a ciki. Ya ce dama jikinsa ya ba shi tun kafin sakamakon ya fito, shi da kansa ya so ya zaunar da matarsa ya gaya mata, ya ma shirya abin da zai ce. Sai ta gani a wayar ƙanwarta, a wurin biki, mutane suna kallonta. Ya ce ƙaramin ɗansa bai san komai ba, tambayarsa kawai yake yaushe za su dawo gida.

Har ya juya sai ya ce yayarsa ce ta fara yaɗawa, kuma ta rantse wata ma'aikaciyarmu ce ta turo mata, maƙwabciyarta, nan layin bayan tankin ruwa. "Ba a can kike ba?"

Ba a can nake ba. Na san wadda take can. Na sha kai mata miya gidan.

Wai ta bar kwamfuta a buɗe ta tafi salla. Har da salla a cikin ƙaryar.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na je gidanta ban yi sallama ba. Tana tsugune tana wanke kwanuka. Da ta ga fuskata ta san na sani.

Wai maƙwabciyar ce ta yi ta roƙonta. Ƙanina ne, yana ta ramewa, ya ƙi gaya mana komai, ki duba mana kawai hankalinmu ya kwanta. Wai matar ce ke riƙe mata yarinya in tana aikin yamma, ba ta iya ce mata a'a ba. Ta ɗauki hoton da wayarta ta tura, ta ce ki goge in kin gani. Ki goge! Kamar yau aka haife ta.

Na ce duk na ji. Amma me ya sa da sunana? Me ya sa kika kira ni kika ce likita yana jira?

Ta ɗago ta ce, "Yaya, ai babu wani sunan da ake shiga da shi."

Na so in mare ta, hannuna har ya ɗaga. Mijinta yana ɗaki yana ji, ko tari bai yi ba.

Na ce kwamiti ranar Litinin ne. Ki riga ni shiga. In kin faɗa da bakinki zan tsaya a bayanki in roƙa miki, ko da durƙuso ne. In ba ki zo ba, ni zan faɗa. Ta kama gefen mayafina, na fizge.

A mota na yi ta kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa, wata tsohuwa tana ta ba ni haƙuri ba ta san na mene ne ba.

Lahadi, 21 ga Satumba

Shiru. Duk ƙarar da wayar ta yi sai na zabura. Masu tallan data ne.

Litinin, 22 ga Satumba

Ba ta zo ba. Wai ta aiko yarinyar ba lafiya.

Mutum uku ne a kwamitin, da wata dattijuwa mai gilashi daga babban ofis a tsakiya. Manaja yana gefe ya harɗe hannu. Aka fara kiran abokan aikina ɗaya bayan ɗaya, a gabana. Kowa ya shigo sai ya kalli silin ya ce shi bai taɓa sanin kalmar sirrin Malama ba. Har wanda ya taɓa yi min tsiya wai kalmar ta yi tsawo, in rage masa. Mutanen da nake rufa wa asiri in sun makara!

Sai Makulli ta haɗa kwamfutarta da allon bango. Ba ta ɗaga murya ba. Ta nuna ranakun da asusuna yake buɗe a kwamfuta uku a lokaci guda. Ta nuna makon da na yi jinya a kwance, ana ta sakin sakamako da sunana safe da yamma. Dattijuwar ta zare gilashi ta tambayi Manaja, "Ma'aikaciyar taka aljana ce?" Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Ya fara wai, wato, a gaskiya.

Sai ta juyo kaina. "Malama, ranar Alhamis ɗin wa kika danna wa?"

Na kalli ƙofa. Wallahi har lokacin ina sa ran za ta buɗe. Dattijuwar ta ce ba ta da hanyar wanke ni in ban ba ta suna ba, takardar hukumar lasisi tana nan a rubuce, sa hannu kawai ya rage.

Na faɗa. Cikakken sunanta, da na mahaifinta, yadda yake a katin aiki. Ban taɓa kiranta da shi ba sai yau. Na faɗi maganar maƙwabciyar, na faɗi hoton. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kuma ba na jin na yi laifi. Kada wani ya zo ya ce min komai.

Ban iya cin abinci ba.

Alhamis, 25 ga Satumba

Hukunci ya fito. An kori Wushirya. Ni takardar gargaɗi, saboda na ba da kalmar sirrina kuma ina danna eh ban ga mai shiga ba. Lasisina yana nan. Zan koma ranar Litinin.

Manaja kuwa an ja masa kunne. Kunne! Mutumin da ya haƙa ramin yana nan a kujerarsa mai juyawa, an ma ce shi zai jagoranci taron wayar da kan ma'aikata kan kare kalmar sirri. Na yi dariya har maigidana ya leƙo ya ga ko lafiya.

Mutumin nan mai rigar guga, ba wanda ya ce komai a kansa. An aika masa takardar ban haƙuri. Ban sani ba ko matar ta dawo.

Litinin, 29 ga Satumba

Na koma. Kowa yanzu da asusunsa da kalmarsa, kowa wayarsa ke tambayarsa. Makulli ta gama buɗe musu duka kafin azahar. Abin da aka ce ba zai yiwu ba sai sabuwar shekara ke nan, yini ɗaya ma bai cinye ba. Da an yi shi tun farko da yanzu...

Ta zo ta tsaya a kaina na sa sabuwar kalma, doguwa, ba sunan ɗa ba ranar haihuwa. Ta kawar da kai lokacin da nake bugawa. Na ce ko ke ba za ki gani ba? Ta ce ko ita. Ba ta da daɗin zama, amma ita kaɗai ce ba ta yi ƙarya a ɗakin nan ba. Na ajiye mata lemo a teburinta, ban ce daga ni ba ne.

Da na shiga ɗakin shayi hira ta mutu. Na ji wata ta ce a hankali, "Mai goyo fa ta sa aka kora." Na juya na ce wa ke magana? Tsit. Matsorata. Na ɗauke gwangwanin sukarina na kai durowata na kulle.

An sa wata sabuwa a bencin jini. Sai ta soki mutum sau biyu kafin ta samu jijiya.

Asabar, 4 ga Oktoba

Hutuna. Wayar ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya. Na yi ta dubawa ko ta lalace ne.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau da rana wata baƙuwar lamba ta kira. Wani mutum ne, ya ce yana da ƙaramin ɗakin gwaji a can ƙarshen gari, yana neman ma'aikaciya. Wata ta zo neman aikin, ta rubuta ni a matsayin wadda za ta tsaya mata. Ya faɗi sunan.

Na miƙe tsaye a tsakiyar ɗaki. Ko tambayata ba ta yi ba! Ko saƙo! Bayan duk abin da ya faru, har yau da sunana take shiga wuri. Wannan wace irin yarinya ce? Rashin kunya ne ko rashin wanda za ta rubuta?

Ya ce ta gaya masa an kore ta, ta gaya masa dalili, ba ta ɓoye komai ba. Ta ce in akwai wanda zai faɗi gaskiya a kanta, mai daɗi da marar daɗi, to ni ce. Ya ce shi bai taɓa ganin wanda ya kawo sunan wadda ta tona shi ba, shi ya sa ya kira. "Malama, in ɗauke ta?"

Na tambaye shi ko a wurinsa kowa da asusunsa. Ya ce eh, ko shi bai san kalmar ma'aikatansa ba. Ban san me ya kai ni wannan tambayar ba, ba ruwana da wurinsa. Na ji bakina yana gaya masa ba ta taɓa sukar jariri sau biyu ba. Wannan gaskiya ce kawai, ba yabo ba ne.

Ya ce to amana fa? Na tuna mutumin nan a wurin bencin jira. Na ce ya kira ni gobe, ina da aiki a gabana.

Ban yafe mata ba. Ba na jin zan yafe. Maigidana ya tambaye ni me zan ce wa mutumin gobe, na ce ban sani ba, ya ƙyale ni. Ya yi murmushin nan nasa mai ban haushi ya ci gaba da cin abincinsa.

Na sani, zan tsaya mata. Tun kafin in ajiye wayar na sani, shi ya sa nake ta jin haushi.